Ayarin da Ba Ya Komawa

A gidanmu na unguwar Goutte d'Or da ke Paris babu murhu, babu tsakar gida. Ɗaki biyu ne da ɗan falo a hawa na huɗu, taga tana kallon bayan shagon wani mahauci. Abin da muke da shi mai kama da wuta shi ne wani tsohon shofaj na lantarki da Baba ya sayo a gwanjo, mai sanduna uku da suke yin ja idan sun ɗau zafi. A gabansa Kaka take naɗe ƙafa a kan bargo, ta miƙa tafin hannu kamar mai jin ɗumin garwashi, ta ce wutar Nasara ba ta da hayaki kuma ba ta da amfani, tunda ko gujiya ba a gasawa a cikinta.

Kaka mahaifiyar Baba ce. Daga Damagaram aka kawo ta a farkon shekarun 1990 don a yi mata aikin yanar ido. An ce wata uku za ta yi, sai ta yi sanyi uku tare da mu. Sunanta aka sa mini, don haka a gidan ba mai kiran sunana na yanka, ita kuma takwara take ce mini. Ina da shekara goma lokacin da ta zo, ƙanwata Balki tana da huɗu. Inna tana fita aikin sharar ofisoshi da la'asar, Baba kuma ba ya dawowa daga mangazar ƴan sari, ɗakin ajiyar kayan da yake aiki a Aubervilliers sai wajen isha'i. Tsakanin magariba da dawowarsa mu uku ne a gidan, ga shi a lokacin sanyi rana tana faɗuwa tun ƙarfe biyar. Kaka ta sallame salla, ta jawo bargo, ta ce, “Ga wata baƙuwa a bakin ƙofa.” Mu kuma mu ce, “Ta shigo, akwai wuri.”

A lokacin Hausata ta riga ta fara gurguncewa. A lekwal, wato makaranta, Faransanci, a titi Faransanci, iyayenmu su yi mana magana da Hausa mu amsa da Faransanci. Amma Kaka ba ta jin komai a harshen sai gaisuwa, saboda haka duk mai son labari dole ya nemo Hausarsa inda ya ajiye ta. Balki, da yake ƙarama ce, ta sha harshen kamar nono. Kafin shekara ta zagayo tana magana irin ta tsofaffin Damagaram, har baƙi su riƙa tsokanarta don ta buɗe baki su yi dariya.

Kaka tana da tatsuniyoyin kura da dila da na ƴan matan da suka tafi rafi. Amma akwai labari guda da ba ta buɗe shi da zancen baƙuwa. Shi sai ta gyara zama ta ce, “Wannan ba tatsuniya ba ce. Da idona na gani.”

Kakanmu marigayi, Malam Isufu, mai tsaron ƙofar wani gidan silima ne a Damagaram, irin wanda ba shi da rufi, katanga ce kawai da bencina da farin bango. Gidansu yana jingine da katangar. Matan aure ba sa shiga silima, amma ba wanda ya hana Kaka ta kife turmi a gindin katanga ta hau. Daga nan take hango farin bangon a karkace. Finafinan da suke isa Damagaram a zamanin sun riga sun tsufa a hanya. Na kaboyi ne, baƙi da fari, na farko-farkon waɗanda aka sa wa magana, murya tana fita da ƙara kamar ana suya a bayanta. Akwai guda da yake dawowa kusan kowace shekara. Ba ta san sunansa ba, ba ta jin abin da suke faɗi. Ta ce, “Bakinsu yana motsi, ni kuma na sa musu magana. Ai ba a bar mutum yana ta motsa baki a banza ba.”

Ga yadda labarin yake a bakinta. Akwai wata ƙasa mai ciyawa har ƙugu, a tsakiyarta tudu, a gindin tudun idon ruwa. Wata mata tana zaune a wurin da mutanenta, Kaka ta sa mata suna Ta-Tudu. Kabarin uwarta yana ƙarƙashin wata itaciya kusa da ruwan. Wata safiya Ta-Tudu ta hau tudu ta hango ayari, amalanke bayan amalanke, kowane da rumfar farin ƙyalle, shanu suna ja. Ba ta ji tsoro ba, don ta san ayari. A nan Kaka takan tsaya ta yi mana bayanin ayarin gishiri da yake saukowa Damagaram daga arewa: su sauka a bayan gari, su sha ruwa, su sayar, su saya, su ɗaure kaya su koma inda suka fito. “Ayari baƙo ne,” in ji ta, “ruwa ake ba shi.”

Amma da Ta-Tudu ta ƙara dubawa sai ta ga abin da ke cikin amalanken. Gadaje, garmuna, kaji a cikin akurki, mata masu ciki. Da wani babban madubi mai tsayin mutum, an ɗaure shi a bayan wani amalanke, rana tana wasa a cikinsa. Da suka zo haye kogi igiya ta tsinke, madubin ya faɗa ruwa, mai shi ta zauna a bakin gaɓa tana kuka. Balki ta fi son wannan wurin, kullum sai ta tambaya ko kifaye suna duba fuskarsu a ciki. Kaka kuwa abin da take so mu lura da shi daban ne.

“Takwara, wanda zai koma gida ba ya tafiya da madubi.”

Shugaban ayarin dogo ne mai farar hula, mai fara'a. Kaka ba ta taɓa mai da shi mugu ba, kuma wannan ya daɗe yana ba ni mamaki. Ta ce yana son matarsa, yana ɗaukar yara a wuya, in saniyar wani ta faɗi shi yake fara kai hannu. Ya zo idon ruwa ya cire hula ya gai da Ta-Tudu, ta ɗebo ruwa a ƙwarya ta ba shi, ya sha ya yi godiya. Washegari ta zo ɗibar ruwa ta tarar an kafa turaku huɗu an ja igiya. Mai farar hula ya sake cire hula ya gaishe ta, daga cikin igiyar.

Labarin ba ya ƙarewa a zama ɗaya. Kaka tana jan sa kwana da kwanaki, kowane sanyi kuma ta sake faro shi da ƙari. Igiya ta zama shinge, shinge ya zama gari. Aka sare itaciyar aka yi benci da ita. Samarin tudu suka hau dawaki suka sauko, aka yi ta harbinsu suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, ƴan kallo a silima suna tafi. Kaka ta ce ita a kan turminta kowane ya faɗi sai ta ba shi suna ta ba shi uwa: wannan ɗan fari ne, wannan bai daɗe da aure ba, wancan shi yake yo wa Ta-Tudu itace. Kullum muna tambaya yadda ta ƙare da Ta-Tudu, kullum ta ce, “Ba mu iso ba tukuna. Ƙarshen yana da nauyi, sai ƙashinku ya yi ƙwari.” Da ta ji takun Baba a matakala sai ta tafa hannu ta ce, “Na ajiye ta nan, kowa ya tashi ya wanke hannu.”

A sanyi na uku ina da shekara goma sha uku, kuma na fara jin kunyar abubuwa da yawa: warin daddawa a rigata, zanen Kaka a cikin metro, jirgin ƙasa na cikin gari, doguwar gaisuwar da take yi wa mai sayar da burodi alhali ba ya ji. Wata Laraba da rana, da yake ba lekwal, ina gidan wata ƙawata, mahaifinta yana kallon wani tsohon fim a tele. Ina wucewa ta falo sai na ga madubi mai tsayin mutum yana zamewa daga bayan amalanke yana faɗawa kogi. Na tsaya cak. Na zauna na kalle shi har ƙarshe. An juya maganar zuwa Faransanci, ina jin komai. Mahaifin ƙawata ya ce babban fim ne, a zamaninsa an yi ta yabonsa, ya rubuta mini sunan a ƴar takarda.

Babu Ta-Tudu a ciki. Babu ƙwarya, babu kabari. Mai farar hula shi ne gwarzo, labarin nasa ne da na matarsa da wahalar da suka sha kafin su kafa gari. Mutanen tudu ba su da suna, ba sa magana, ihu kawai suke yi su faɗo daga kan doki.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa raina ne ya ɓaci don an yaudare ni. Ba haka ba ne. Daɗi na ji. Na san abin da Kaka ba ta sani ba, kuma ina so a gani. Na aro kaset ɗin a ɗakin karatu na unguwa, na ɓoye shi a jakata kwana huɗu ina jiran Lahadi, don na san ranar muna da baƙi.

Hajiya Mariyama da maigidanta Alhaji suka zo daga Clichy-sous-Bois. Mutanen Damagaram ne su ma, duk wata sukan zo gai da Kaka. Bayan an ci tuwo ana shan shayi, na ce ina da abin da zan nuna wa Kaka. Na sa kaset.

An riga an yi mata aikin ido na biyu, tana gani tas. Ta matso dab da tele. Da amalanken farko ya bayyana sai ta dafe ƙirji.

“Shi ne,” ta ce a hankali. “Wallahi shi ne. Takwara, ina kika samo shi?” Ta juya ga Hajiya Mariyama da wani irin murmushi da ban taɓa gani a fuskarta ba. “Shekara arba'in rabona da mutanen nan. Dube su, ba su tsufa ba.”

Da madubin ya faɗa ruwa ta kama hannun Balki ta ce, “Kin gani? Ban gaya miki ba?”

Ta zaci kyauta na kawo mata. Na ga haka a fuskarta, kuma ban fasa ba.

Na fara fassara da ƙarfi, magana bayan magana. Ga abin da mai farar hula ya ce, ga abin da matarsa ta amsa. Ba ruwa ya roƙa ba, Kaka, cewa ya yi ƙasar ba ta da kowa. Duk lokacin da aka nuna tudu sai in ce, “Ina Ta-Tudu? Ko ta shiga ɗaki?” Alhaji ya yi ƴar dariya sau ɗaya, don ya ɗauka wasan jika da kaka ne. Inna ta harare ni, na kau da kai. Da fim ya ƙare, aka nuna gari da tuta ana kiɗa, na juya ga Balki na ce mata da Faransanci babu wata Ta-Tudu, Kaka ce ta ƙirƙiro komai. Sannan, don kada Kaka ta rasa abin da na ce, na maimaita da Hausa.

“Kaka, ashe ƙarya kike yi mana. Kin ce da idonki kika gani.”

Kaset ya fara komawa baya da ƙara. Baba ya ajiye kofinsa ya miƙe. Kaka ta ɗaga masa hannu.

“Zauna. Takwara ta yi karatu, ta ji abin da suka ce. Ni ban ji ba.”

Ta gyara lulluɓinta, ta tambayi Hajiya Mariyama yaya ƙafar tata da ke ciwo.

Baba bai doke ni ba. Kwana biyu bai ce mini komai ba. A rana ta uku ya ce in raka shi mu mai da kaset ɗin. Muna tafe a ƙarƙashin gadar metro ya fara magana ba tare da ya dube ni ba. Ya ce mahaifin Kaka yana da garka a bayan gari, da rijiya da ƴan itatuwan dabino, kuma a can aka binne mahaifiyarta. Tana yarinya wasu Nasara suka zo da kayan awo, suka roƙi ruwa, ita ta ɗebo musu. Bayan kwana kaɗan aka kafa turaku, aka ce wurin na bariki ne.

“Ba ta taɓa gaya muku ba, ko? Ni ma sau ɗaya ta gaya mini.”

Ya karɓi kaset daga hannuna, ya shiga ya miƙa da kansa.

Na so in ba ta haƙuri. Na tsara maganar a raina sau da yawa, amma Kaka ba ta nuna mini fushin da zan kama in roƙa a kansa ba. Tana ce mini takwara, tana ajiye mini ƙanzo kamar kullum. Wata magariba ta shimfiɗa bargo ta ce ga baƙuwa a bakin ƙofa. Balki ta dube ni, ta dubi Kaka, ta ce da Faransanci ita tele take so, tunda na Kaka ba gaskiya ba ne. Shekararta bakwai, abin da yayarta ta faɗa take maimaitawa. Kaka ba ta ji kalmomin ba, amma ta gane. Ta ce da ma maƙogwaronta yana mata ciwo, ta ɗauki tasbaha. Washegari ma haka. Bayan mako guda ba mai shimfiɗa bargon. Da sanyi ya wuce ta ce idonta ya warke, tana so ta ga gida da shi. A filin jirgi ta dafa kaina ta yi mini doguwar addu'a, na ce amin, amin, ban ƙara komai ba.

Bayan shekara biyar na tafi Lyon karatun silima a jami'a, na kama ɗan ɗaki a Guillotière a saman wani gidan abinci. A cikin darussanmu akwai ɗaya a kan finafinan kaboyi na farkon zamanin magana, wani mushe, wato malami, mai furfura yake koyarwa. Ba a daɗe da farawa ba sai ga fim ɗinmu a babban allo.

Mushen ya ba mu tarihin sunan da fim ɗin ya yi. Da ya fito an ɗauke shi abin alfahari, aka ce ga yadda aka gina ƙasa. Da shekaru suka ja sai aka fara ganin tsufansa: ƴan wasa suna tsayawa ƙiƙam kusa da inda aka ɓoye makirufo suna ɗaga murya, labari yana jan ƙafa. Daga baya kuma aka fara jin kunyar yadda ya nuna masu ƙasar. Yanzu, in ji shi, wasu suna kare shi saboda hayin kogin, wanda aka ɗauka da amalanke na gaske da shanu na gaske, wasu kuma suna cewa yabon da ya samu kuskure ne tun farko. Ɗalibai suka yi ta dariya a wuraren da aka so a yi kuka. Ni ban yi ba. Ina duba gefen allo, ina duba bayan dawaki, ina fatan ƙaramar tele ce ta yanke Ta-Tudu a wancan karon. Da na gan ta ko na ƙiftawar ido ne, da na samu abin da zan kai wa Kaka. Ba ta nan. Wasu mutane ne kawai a kan tudu, daga nesa, ba a ganin fuskarsu, sai a wuce.

Aka ce kowa ya zaɓi fim ɗaya ya yi rubutu a kai. Na rubuta abin da wanda yake tsaye a kan tudu yake gani: kayan da ke cikin amalanken, bambancin ayarin da yake komawa da wanda ya zo da gado da madubi, kirkin mai farar hula da yadda kirkin bai hana komai ba. Ban sha wata wahala ba. Komai yana nan a kaina da muryarta, juya shi kawai na yi zuwa Faransanci. Mushen ya karanta wani sashe a gaban aji. Da aka tashi ya tsai da ni a bakin ƙofa, ya ce ya daɗe yana koyar da fim ɗin bai taɓa kallon madubin ta wannan fuska ba. Ya tambaye ni a wane littafi na gani.

Na ce ba a littafi ba ne, tunanina ne.

Na fito na kama hanyar gida a ƙasa. A tsakiyar gadar kogin Rhône na tsaya, na jingina da ƙarfe ina kallon ruwa. A falonmu na ce abin ƙarya ne, a nan na ce nawa ne, kuma ba wanda ya tilasta ni ko sau ɗaya. Abin da ya hana ni cewa daga kakata na ji, wadda ta kalla a kan turmi, shi ne dai abin da ya sa na aro kaset ina ƴar sha uku. Bai je ko'ina ba. Washegari na koma na gaya wa mushen gaskiya. Ya ce madalla, in sa sunanta a shafin farko, ya ci gaba da abin da yake yi. Abin ya zo da sauƙi har ya ba ni haushi, don na san ba shi na yi wa laifi ba.

Kaka ba ta karatun boko, waya kuma a unguwarsu sai an je gidan wani, don haka kaset ake aikawa. Na sayi sabo, na zauna a ɗakina, na yi gaisuwa na goge, na sake na goge. A ƙarshe na faɗi komai da gurguwar Hausata: waccan Lahadin, da rubutun, da abin da na ce wa mushen. Na aika wa Baba, ya ba wani ɗan kasuwa da zai je gida.

Amsa ta iso ni bayan wata uku. Muryarta ta yi rauni, ana jin kukan awaki da masu daka a bayanta. Ta gai da kowa da sunansa, ta tambayi sanyi, ta tambayi karatu. Sannan ta ce:

“Takwara, na ji saƙonki, na sa an maimaita mini sau biyu. Ni ban riƙe ki da komai ba. Zancen malaminku kuwa, in maganata ta ci jarrabawa a ƙasar Nasara, ai ni na ci. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Balki ba ta ji ƙarshen ba. Ke kin girma, ita na bari a tsakiyar hanya. Kira ta ta zauna kusa da ke, yanzu zan ƙarasa mata.”

Na tsai da kaset a nan, ban yarda na ji ni kaɗai ba. Ranar Asabar na hau jirgin ƙasa zuwa Paris. Balki tana da shekara goma sha uku a lokacin, ta yi tsawo har ta kusa kamo ni. Na zaunar da ita a falo bayan azahar na kunna. Kaka ta faro daga inda ta tsaya shekara shida da suka wuce, kamar jiya ta ajiye.

Balki ta saurara na ɗan lokaci tana murmushi da jin muryar. Sai ta taɓa hannuna ta ce da Faransanci, “Tsai da shi. Me take cewa?”

Na ɗauka wasa take yi. Ba wasa ba ne. Tana jin zo, tafi, ci abinci, ina kwana. Sauran Hausar, wadda ta taɓa sa baƙi dariya, ta zube, kuma ba wanda ya lura da lokacin da ta tafi.

Haka muka yi yinin, in kunna, in tsayar, in fassara. Wasu kalmomin ni ma sai na kira Inna daga kicin. Ta-Tudu ta tsufa, tana zuwa bakin famfon da aka kafa a kan idon ruwa ta zauna a benci. Wata rana jikar mai farar hula ta zo ɗibar ruwa, ta tambaye ta me take jira kullum a nan. Ta-Tudu ta gaya mata sunan ruwan na asali, da sunan tudun, da sunan wadda take kwance a ƙarƙashin inda suke zaune. Yarinyar ta koma gida ta tambayi kakanta ko gaskiya ne. Tsohon ya ture abincinsa. “Ba a mayar wa Ta-Tudu da komai ba,” in ji Kaka. “Amma daga ranar akwai mutum ɗaya a garin da ta san a kan me take taka ƙafa.”

Balki ta ce tana so ta amsa da bakinta. Na rubuta mata godiya da gaisuwa yadda Bafaranshe zai iya karantawa, ta yi ta maimaitawa har ya zauna, muka ɗauka. Da ɗan kasuwar ya dawo ya gaya wa Baba cewa tsohuwa ta kara rediyo a kunne ta saurara har ƙarshe, ta yi murmushi, ta ce, “Muryar ta Balki ce. Maganar ta takwara ce.” Kafin shekara ta zagayo Allah ya yi mata rasuwa.

Inna takan ce in daina ɗora wa kaina. Ta ce yaran unguwarmu da yawa sun rasa Hausa ba tare da wata yaya ta yi musu komai ba. Mai yiwuwa haka ne. Amma ni na san akwai wuri guda a gidanmu da harshen yake da rai a bakin Balki, kuma na san wadda ta tashe shi.

Na daɗe ina zaton labarin a kan Nasara ne da turakunsu. Sai da na girma na gane abin da ya sa Kaka ta ƙi mai da mai farar hula mugu. Ba sai mutum yana da mugunta zai shiga inda wani yake zaune ya ce babu kowa a nan ba. Yana iya zama mai kirki, yana iya zama ɗan gida, yana iya ma kasancewa da gaskiyarsa, don duk abin da na faɗa game da fim ɗin a ranar daidai ne.

Fim ɗin yana nan har yau. An gyara hotonsa ya yi tas, ana nuna shi, ana gardama a kan ko ya cancanci sunan da ya yi. Na Kaka kuwa kaset ɗaya ne a cikin akwatina, shi ma ƙarshen labarin kaɗai. A cikin jikokinta da aka haifa a Faransa mutum ɗaya ce take jin abin da ke ciki, ita ce wadda ta ce ƙarya ne.